Gukesh ne ya ci, ko Ding ne ya zubar?

Malam Na-Fagge (Alhamis, 12 ga Disamba, 2024)
Assalamu alaikum 'yan uwa. An kammala a Singafo. Gukesh Dommaraju na Indiya ya doke Ding Liren na China a wasa na 14, maki 7½ da 6½, ya ɗauke kambun ches na duniya yana ɗan shekara 18. Tun ɗazu nake ta cin karo da maganganu, wai kyauta aka miƙa wa yaron, wai Ding ne ya zubar da kansa. Ni dai ban yarda ba, kuma zan faɗi dalilina, amma bari in fara jin ta bakinku.

Dokin Baƙi
Wa'alaikumus salam Malam. Da girmanka, to me za a kira wannan in ba kyauta ba? Wasa ya riga ya mutu, inji, wato manhajar kwamfuta mai auna wasan ches, yana nuna canjaras tun tuni, masu sharhi har sun fara maganar wasannin raba gardama na gobe. Kawai sai mutum ya ɗauki ruk ya ajiye a f2. Ko a cikinmu nan akwai waɗanda ba za su yi wannan katoɓarar ba.

Abba Sabon Shiga
Don Allah a yi mana bayani, mu da ba mu daɗe da farawa ba. Na ga sandar injin mai nuna wanda ke gaba ta faɗo gaba ɗaya lokaci guda, na ga Ding ya dafe kai, amma ban gane me ya lalace ba. Ai musayar ruk da ruk ce kawai.

Malam Na-Fagge
Abba, ga yadda allon yake. Ding da fari yana da sarki, ruk, bishof da soja ɗaya a g3. Gukesh yana da sarki, ruk, bishof da sojoji biyu a f5 da g4. Muddin ruk ko bishof suna nan a kan allo, sojan nan ɗaya da Gukesh ya fi shi ba zai kai ko'ina ba. Abin da kawai ba a so shi ne a kwashe manyan 'ya'yan duka a bar sarakuna da sojoji.

To bishof ɗin Ding yana zaune a a8, can ƙuryar allo, inda hanyarsa ɗaya ce tal. Da ya yi taku na 55, ruk zuwa f2, Gukesh ya cinye, sarki ya rama. Sai Gukesh ya kawo bishof ɗinsa d5 ya tare wannan hanya ɗayar. Duk inda na Ding ya matsa, musaya ta zama dole. Aka yi musayar, sarkin Gukesh ya tsaya a e5 gaba da gaba da na Ding, sojoji biyu a kan ɗaya, kuma Ding ne ke da taku. Nan ya miƙa hannu, a taku na 58. Da bishof ɗin yana wani gidan da yake da mafita, musayar ruk ɗin ba za ta cutar da shi ba.

Abba Sabon Shiga
Allah ya saka da alheri Malam, yanzu na gane.

Dokin Baƙi
To ai ka ga abin da nake faɗa. Taku uku kacal ake buƙatar hange. Zakaran duniya ya kasa hango taku uku?

Malam Na-Fagge
Ƙanena, a nan ne muka raba hanya. Kai ka kalli taku na 55 shi kaɗai, ni kuwa ina kallon abin da ya kai mutum ga yin sa. Wa ya hana wasan nan mutuwa? Manyan 'yan wasa da yawa, in suka samu wannan matsayin da baƙi a wasan ƙarshe, sai su karɓi canjaras su tafi su huta. Gukesh ya ƙi. Ya ci gaba da juya ruk, yana matsa sarki, yana tilasta wa Ding ya nemo amsa kowane taku. Ding yana da kimanin minti 10 a agogo, Gukesh kuwa yana da kusan awa guda. Kuma ba yau ya fara ba. A wasa na 6 da na 8 an buɗe masa ƙofar maimaita taku a tashi kunnen doki, ya ƙi shiga, alhali inji ma yana cewa matsayinsa ne ya fi rauni. A wasa na 7 ya riƙe Ding har taku 72. Jiya a wasa na 13 da kyar Ding ya sha. Kusan mako uku ke nan yana gajiyar da mutumin nan, tun 25 ga Nuwamba. Kuskuren yau a wannan gajiyar ya fito.

Sannan kada a manta, Ding da kansa ya zaɓi wannan hanyar. Shi ne da fari, amma maimakon ya nemi wani abu, sai ya shiga rage kaya, har ya bar soja ɗaya ya tafi don a yi saurin kaiwa canjaras. Lissafinsa shi ne gobe a yi wasan sauri, inda ake ganin ya fi Gukesh ƙwarewa. Wanda ya zaɓi ya kare kansa na awanni yana ƙasa da soja ɗaya, ya san akwai haɗari a ciki.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke kallo yanzu. Waya a hannu, inji yana rubuta mana 0.0, sai mu ji kamar mu ma mun san amsar. Su biyun nan suna cikin ɗakin gilashi, babu sanda a gabansu, babu mai gaya musu cewa canjaras ne.

Ɗan Zongo
Salamu alaikum daga Kumasi. Ni abin bai kwanta mini ba sam. Ba mu kaɗai muke zargi ba. Shugaban hukumar ches ta Rasha, Andrei Filatov, ya fito ya ce kamar da gangan Ding ya faɗi, ya nemi FIDE, hukumar ches ta duniya, ta yi bincike. Kramnik kuma, tsohon zakaran duniya, ya rubuta cewa ƙarshen ches ke nan yadda muka san ta. Waɗannan ai ba 'yan kallo ba ne irinmu. Kuɗin gasar dala miliyan 2.5 ne, inda kuɗi suka kai haka komai na iya faruwa.

Baba Injiniya
Yarona na Kumasi, ka ji tsoron Allah a kan mutuncin bawan nan. Zargin sayar da wasa ba ƙaramin abu ba ne, kuma wanda ya yi shi bai kawo hujja ko ɗaya ba. Shugaban FIDE, Arkady Dvorkovich, wanda shi ma ɗan Rasha ne, bai bi bayansa ba, ya ce kuskure wani ɓangare ne na wasa.

Yi lissafin kuɗin ma. Kowane wasa da mutum ya ci dala 200,000 ne, ragowar a raba daidai. Gukesh ya ci 3, Ding ya ci 2. Gukesh ya tashi da miliyan 1.35, Ding da miliyan 1.15. Wanda ya riƙe kambu kuma shi ne zai sake zama a gasa ta gaba ya ɗebi wani rabon. Me za a ba shi da ya fi wannan? Kuma wanda ya yi niyyar faɗuwa, me ya sa da aka ci shi a wasa na 11 ya dawo washegari ya yi wa Gukesh wannan dukan na wasa na 12? Ai da sai ya kwanta tun a nan.

Ni tun zamanin Karpov da Kasparov nake bin gasar nan, lokacin sai mu jira jarida mu kwafi takun mu jera a allo. Ku bari in gaya muku, babu zamanin da manya ba su yi kwaɓa ba. A Habana, 1892, Chigorin yana gaba da Steinitz da ɗa guda cur a wasa na 23, ya janye bishof ɗinsa, aka kashe masa sarki a taku biyu, gasar ta ƙare a nan. A 1972 Fischer ya cusa bishof a h2 a wasan farko da Spassky, aka rufe shi, ya faɗi. A Sebiya, 1987, Kasparov da kansa ya yi kuskure a wasa na 23, sai da ya ci na 24 dole kafin ya tsira da kambunsa. A Sochi, 2014, wasa na 6, Carlsen ya ajiye sarki a d2, kuskuren da zai iya jawo masa faɗuwa, Anand bai gani ba. Kasparov ma ya tuna wa mutane wannan na 2014 a saƙon da ya taya Gukesh murna, shi da aka karya wa tarihin zakara mafi ƙuruciya da ya kafa a 1985 yana ɗan shekara 22. A Dubai, 2021, Nepomniachtchi ya bari aka rufe masa bishof a wasa na 9. Wa ya ce ɗayansu ya sayar?

Ɗan Zongo
Baba na ji, kuma maganar wasa na 12 ta shige ni. Amma har yanzu ina ganin da FIDE ta duba, ko don a rufe bakin mutane.

Baba Injiniya
A duba me, yarona? Fuskarsa kowa ya gani lokacin da ya gane abin da ya yi.

Ɗan Damagaram
Ni tun da aka gama ban iya cewa komai ba sai yanzu. Ding nake goyon baya tun kafin ya zama zakara, kuma zagin da ake masa yau ya yi mini ciwo ƙwarai.

Waɗanda suka fara kallo bana ba su san ko wane ne shi ba. Mutumin nan ya yi wasa 100 a jere ba a ci shi ba, daga Agustan 2017 zuwa Nuwamban 2018, kuma da manyan duniya yake karawa. A gasar kambu ta Astana bara sau uku Nepomniachtchi yana wucewa gaba, sau uku yana kamo shi, aka tashi 7 da 7. A wasan sauri na ƙarshe, inda kowa ke jiran ya maimaita taku, ya ajiye ruk a g6 ya ɗaure kansa da kansa don neman nasara, kuma ya samu. Shi ne namiji na farko daga China da ya ɗauki kambun.

Bayan nan ne ciwo ya kama shi. Ya faɗa da bakinsa cewa ya yi fama da ciwon damuwa da rashin barci, har ya nemi magani a asibiti. Ya yi watanni bai taɓa gasa ba. Da ya dawo, a gasar Norway ta bana ya kasa ganin kisa a taku biyu a gaban Carlsen. Kafin Singafo rabonsa da cin dogon wasa tun Janairu. Manya da yawa sun ce Gukesh zai yi masa kaca-kaca. Sai ga shi ya ci wasan farko da baƙi, da tsarin buɗe wasa da ake kira na Faransa. Ya kai gasar har wasa na 14 ana kunnen doki. Da ya zauna gaban 'yan jarida bai kawo uzuri ba, ya ce idan aka duba yadda ya tsira jiya, sakamakon adalci ne, kuma ba ya nadama. Wanda bai taɓa kwana ido biyu saboda damuwa ba, ba zai san nauyin abin da Ding ya ɗauko ya zo da shi teburin nan ba. Allah ya ba shi lafiya.

Maman Sadiq
Amin, ɗan uwa. Ni ma abin da ya fi taɓa ni ke nan. Kuma kun lura shi kansa Gukesh bai yi masa dariya ba? Yana kuka ya tsaya ya mayar da 'ya'yan allon kowanne gidansa kafin ya tashi. Da aka ba shi dama ya yi magana, da yabon Ding ya fara, ya kira shi zakara na gaskiya. Tarbiyya ce wannan.

Dokin Baƙi
Anti, ladabinsa ba wanda ya musa. Ding ma Allah ya ba shi lafiya, ban zage shi ba. Amma mu faɗi gaskiya, zakaran duniya yana Norway. Carlsen ne na ɗaya tun 2011, makinsa a ma'aunin FIDE 2831, Gukesh ya shiga gasar nan da 2783, Ding da 2728. Sau biyar Carlsen yana cin kambun, ba wanda ya ƙwace, shi ya ajiye a 2022 don ya gaji da shirin watanni. Gasar da babu wanda ya fi kowa a cikinta, sunanta kawai ya rage.

Malam Na-Fagge
Cewa Carlsen ya fi kowa ƙarfi a yau, babu gardama. Gukesh da kansa ya faɗa a gaban 'yan jarida cewa cin kambu ba ya nufin shi ne ya fi kowa, akwai Magnus Carlsen. Amma kambu na wanda ya zo ya zauna ne. Fischer ya ƙi zama a 1975, aka ba Karpov ba tare da an taɓa ko soja ba. An yi ta masa gori, shi kuwa ya riƙe shekara 10 yana cin gasa bayan gasa har gorin ya mutu. Gukesh ma ai ya fi Karpov na 1975 hujja, don shi ya zauna ya yi wasa 14.

Kuma dubi hanyar da ya bi. A Toronto cikin Afrilu, yana ɗan shekara 17, ya ci gasar 'yan takara, wadda ke fitar da wanda zai kara da zakara, da maki 9 cikin 14, Nakamura da Caruana da Nepomniachtchi duk suna bayansa da 8½. A gasar ƙasashe ta Olympiad a Budapest cikin Satumba ya samu 9 cikin 10 a allo na ɗaya, Indiya ta ɗauki zinare a karon farko. Duk a shekara ɗaya. Wa ya miƙa masa waɗannan?

Dokin Baƙi
Toronto ma ai da Caruana ya ci Nepomniachtchi a zagayen ƙarshe, wasan da yake hannunsa, da sai an yi raba gardama.

Malam Na-Fagge
Da ya ci. Bai ci ba. Shi ma matsin ne ya kama shi, kuma shi ne na biyu ko na uku a duniya. Ka ga ka kawo mini hujja da kanka.

Baba Injiniya
Ƙaramin gyara ga masu cewa ba a taɓa samun ɗan 18 ba. Ponomariov na Yukren ya ci kambun FIDE a 2002 yana da 18, amma lokacin kambun a rabe yake gida biyu, Kramnik na riƙe da ɗayan. A jerin da ya faro daga Steinitz a 1886, Gukesh ne na 18 kuma shi ne mafi ƙuruciya.

Maman Sadiq (Juma'a, 13 ga Disamba)
Barkanmu da Juma'a. Na kwana ina tunanin iyayen yaron nan. Mahaifinsa likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, ya ajiye aikinsa ya riƙa yawo da shi gasa gasa, mahaifiyar, wadda masaniyar ƙwayoyin cuta ce, ta riƙe gidan da albashinta. Har abokai sai da suka haɗa musu kuɗi. Yaron ya daina zuwa makaranta kullum tun yana firamare, ya zama girandmasta, babban muƙamin 'yan ches, a Janairun 2019 yana da shekara 12 da wata 7. A matsayina na malama kuma uwa, wannan ɓangaren yana ba ni tsoro. Nasa ya yi kyau, amma yara nawa aka cire daga aji ba su kai ko'ina ba? Ɗana yana son wasan nan sosai, jiya ya ce shi ma haka zai yi. Na ce masa a'a.

Malam Na-Fagge
Hajiya, kin yi daidai. Gukesh ba daga sama ya faɗo ba. Chennai garin Anand ne, girandmasta na farko a Indiya tun 1988. A garin aka yi gasar 2013 da Carlsen ya karɓe kambun daga Anand, Gukesh yana ɗan shekara 7 yana cikin 'yan kallo. Makarantarsu tana ɗaga wa 'yan ches ƙafa, akwai masu horarwa a unguwa, daga baya makarantar ches ta Anand ta ɗauke shi. Don gasar Singafo yana da mataimaka irin su Gajewski da Wojtaszek da Duda na Poland, da Harikrishna, da Keymer na Jamus, har da Paddy Upton na Afirka ta Kudu mai kula da natsuwarsa. Yau gwamnatin jiharsu ta Tamil Nadu ta sanar da ba shi rufi miliyan 50 na kuɗin Indiya. Mu a Najeriya har yanzu ba mu da girandmasta ko ɗaya. Wanda ya cire ɗansa daga makaranta a nan, wa zai miƙa wa shi? Sadiq ya yi karatunsa, ya yi ches da yamma.

Abu ɗaya da za ki iya ɗauka daga tarihinsa ba tare da kashe ko sisi ba: malaminsa Vishnu Prasanna ya hana shi amfani da inji har sai da ya kai matakin girandmasta. Da kansa yake lissafi. Ki kashe wa Sadiq sandar nan in yana nazarin wasa, ya fara faɗin nasa ra'ayin kafin ya tambayi kwamfuta.

Maman Sadiq
Na gode Malam, in sha Allah. 'Yan matan ajina kuma zan nuna musu cewa matan Indiya ma sun ci zinare a Budapest, kuma kambun mata yana hannun Ju Wenjun ta China tun 2018.

Ɗan Damagaram
Wannan ya ɗan sanyaya mini rai. China ba ta tashi hannu rabbana ba.

Dokin Baƙi
Malam, na karanta duka. Na janye kalmar kyauta, don Toronto da Budapest ba wasa ba ne. Amma ina nan kan bakana a abu biyu: ingancin gasar nan bai kai na 2018 ko wasa na 6 na 2021 mai taku 136 ba, kuma ruk f2 kuskure ne da bai kamata a gani a wannan matakin ba. Sai ranar da Gukesh ya zauna da Carlsen a dogon wasa ya doke shi zan kira shi na ɗaya.

Malam Na-Fagge
Wannan matsayi ne da zan iya zama da shi. Amma tunda ka ce a cikinmu akwai waɗanda ba za su yi kuskuren ba, mu gwada. Gobe Asabar bayan la'asar zan jera matsayin a shafin ches na Lichess daga inda Ding ya rasa sojan, ba daga taku na 55 da kowa ya haddace ba. Kai ka riƙe fari da minti 10, da ƙarin daƙiƙa 30 kowane taku kamar yadda suka yi. Ni zan riƙe baƙi. Ba inji, ba mai raɗa wa wani.

Dokin Baƙi
Na karɓa. Baba Injiniya ya zama alƙali.

Baba Injiniya
Na yarda. Ku sa ƙarfe 5, kuma duk mai son ya gwada fari bayan Dokin Baƙi ya rubuta sunansa a ƙasa.

Abba Sabon Shiga
A sa ni na biyu, Baba.